Ina Fayil Ɗinku?

Ƙwai 30 muka zuba a injin ƙyanƙyasar da muka haɗa a matsayin aikin kammalawa, 'yan tsaki 7 suka fito. Mu huɗu ne a rukunin, kuma kowa ya san abin da ya fita daga aljihunsa: kuɗin katako, kuɗin fanka, kuɗin Arduino, har ƙwan ma karo-karo muka yi. Da muka ɗauki littafinmu muka je wajen malamin da ke duba aikin, bai yi mana faɗa ba. Ya buɗe littafin, ya bi shafukan da yatsa, ya ga kullum mun rubuta zafi 37.5 ko 37.6, da safe da azahar da la'asar, kwana 21 cur. Sai ya ɗago kai ya ce, "To da ƙarfe ukun dare fa, nawa ne zafin?" Muka yi tsuru-tsuru. Ƙarfe ukun dare muna hostel muna sharar barci, lab ɗin ma a kulle yake. Ya ce, "Ina fayil ɗinku?" Babu fayil.

A hanyarmu ta komawa ɗaya daga cikinmu ya faɗi abin da ke ran kowa. Ya ce, "Ku zo mu zauna mu cike na daren kawai, wa zai sani?" Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta raya min haka. Kuma 'yan uwana ɗalibai, mu faɗa wa juna gaskiya, ba mu ne farau ba. Duk wanda ya kai shekarar ƙarshe ya san yadda ake haihuwar wasu teburan da ke babi na huɗu. A zauna a ƙarƙashin bishiya da biro da kalkuleta, a tsara lambobi masu kyan gani, a zana jadawali mai santsi kamar an goge shi da dutsen guga, a kai ɗauri. Dalilin wannan rubutu nawa ke nan. Ra'ayina shi ne, duk aikin da ya ƙunshi aune-aune, kada a karɓe shi sai da fayil ɗin da na'urar ta rubuta da kanta, kuma wajibi ne sashe ya tanadi kwamfutar da za a yi hakan a kanta. Ba wani abu ne mai tsada ba. Manhajojin kyauta ne, koyonsu bai wuce yini ɗaya ba.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan lantarki ko kwamfuta ba. Idan ka jona Arduino da kwamfuta ta kebul, allon yana iya turo rubutu harafi bayan harafi, a jere, ta hanyar da ake kira ƙofar siriyal. Tsohuwar hanya ce, ƙa'idarta ta RS-232 tun 1960 take. A da ƙofa ce ta zahiri mai fil tara a bayan kwamfuta. Yanzu yawanci ta USB ake bi, sai Windows ta ba ta suna kamar COM3 ko COM5. Mu duka mun saba buɗe tagar nan ta manhajar Arduino muna kallon lambobi suna gangarowa, muna murna abu ya yi aiki. Matsalar ita ce tagar nan kallo kawai take ba ka, ba ta ajiye komai a fayil. Ka rufe ta, komai ya tafi. Abin da muke buƙata shi ne manhajar da za ta tsaya a bakin ƙofar dare da rana, duk abin da ya shigo ta rubuta shi a fayil, tare da lokacin da ya shigo.

Mataki na farko shi ne direba, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu suke karaya. Mafi yawan allunan da muke saya a kasuwa ba na asali ba ne, kwaikwayo ne masu arha, kuma ba laifi ba ne tunda tsarin Arduino a buɗe yake ga kowa. Amma ɗan guntun da ke fassara tsakanin USB da siriyal ya bambanta. A Uno na asali ATmega16U2 ne. A yawancin na kasuwa CH340 ne, na kamfanin WCH da ke China. Allunan ESP32 da yawa kuma CP2102 suke ɗauke da shi, na Silicon Labs. Ka juya allonka ka karanta abin da aka rubuta a jikin ɗan guntun da ke kusa da bakin USB, shi zai faɗa maka direban da za ka nema. Sannan ka buɗe Device Manager ka duba. In ka ga lambar COM, ka haye. In ka ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, direba ne babu. In ba ka ga komai ya motsa ba, kafin ka zargi allon ka canja kebul, domin akwai kebul ɗin da na caji ne zalla, babu wayoyin da ke ɗaukar bayanai a cikinsa. Na ga ɗalibar da ta kusa sayen sabon allo saboda kebul ɗin cajin waya.

Ina roƙonku, ku sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera guntun. Ku bar shafukan nan masu manyan maɓallai kore da ke alƙawarin gyara duk direbobin duniya a danna ɗaya. Tarkace suke cusa wa mutum, wani lokacin har da ƙwayar cuta. Haka nan filashin da ya zaga hostel gaba ɗaya, wanda kana buɗewa ka ga foldojinka sun ɓace sun koma gajerun hanyoyi. Direban CH340 ɗan mitsitsi ne, datar da za ka kashe a kansa ba ta kai ta bidiyo ɗaya a TikTok ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen manhajar ajiyar. Guda uku na gwada da hannuna, duk kyauta. PuTTY ce mafi sauƙin nauyi: ka zaɓi siriyal, ka rubuta lambar COM da gudun, ka shiga sashen ajiya ka nuna mata sunan fayil. Rauninta shi ne ba ta manna lokaci a kan kowane layi. Tera Term tana yi, akwai ɗan akwatin da za ka duba lokacin buɗe fayil ɗin, sai kowane layi ya fito da kwanan wata da sa'a da minti da daƙiƙa. CoolTerm ma tana yi, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Wanda ya ɗan iya Python, da pyserial zai rubuta tasa a layukan da ba su wuce ashirin ba. Mu Tera Term muka tsaya a kai, saboda tambayar malaminmu ta lokaci ce. Lamba babu lokaci ba ta amsa komai.

Daga nan sai ƙananan abubuwan da ba a koya mana a aji, waɗanda mu sai da muka sha wuya muka gane su. Na farko, gudun zance. Lambar da ka rubuta a cikin shirin allonka, 9600 ce ko 115200, dole ta zo daidai da wadda ka saka a manhajar. In suka saɓa, abin da za ka gani shi ne wasu alamomi kamar tafiyar tsutsa, ka ɗauka allon ya ƙone alhali lafiyarsa lau. A gudun 9600 ana tura haruffa kusan 960 a daƙiƙa, wanda ya ishi auna zafi har ya yi yawa. Na biyu, a Windows manhaja ɗaya ce tak take iya riƙe ƙofa a lokaci guda. In tagar Arduino tana buɗe, Tera Term za ta ce ta kasa shiga. In Tera Term ce a buɗe, ba za ka iya ɗora sabon shiri a allon ba. Ka rufe ɗaya kafin ka buɗe ɗaya. Na uku, allon da ke da CH340, in ka cire shi daga wannan rami na USB ka mayar wancan, lambar COM tana iya canjawa. Mu salatif muka manna a jikin ramin muka rubuta "nan kaɗai". Masu Linux kuma, sunan ƙofar ttyUSB0 ne ko ttyACM0, kuma a Ubuntu sai ka saka kanka a rukunin dialout kafin ta bar ka ka buɗe.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni tsoro da na gane shi. Duk lokacin da ka buɗe ƙofar siriyal, Uno yana sake tashi daga farko. Da gangan aka tsara shi haka, don a samu sauƙin ɗora shiri. To mu kuwa da agogon cikin allon muke ƙirga kwanaki, wanda ke farawa daga sifili duk sanda allon ya tashi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma a rana ta 18 ake daina juya shi a ƙara masa danshi. Ke nan duk safiyar da ɗayanmu ya zo da laftof ya jona don ya "duba lafiyar injin", ya mayar da lissafin rana ta farko bai sani ba. Injin ya ci gaba da juya ƙwai har lokacin da 'yan tsaki ke neman fasowa. Maganin ba wuya: ɗan agogo mai batirinsa irin DS3231, ko a riƙa ajiye ƙirgar a ma'ajiyar allon da ba ta gogewa, ko a saka kafasita mai 10 maikurofarad tsakanin RESET da GND bayan an gama ɗora shiri. Da muna ajiye fayil tun farko, da a rana ta biyu mun ga ƙirgar tana komawa baya.

Girka manhaja rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne kula da ita, kuma shi ya fi cin mutane. Darenmu na farko na gwaji, da safe muka tarar fayil ɗin ya tsaya bayan rabin sa'a, domin laftof ɗin ya yi barcinsa. Sai ka shiga tsarin wuta ka hana shi barci, ka hana shi kashe ramukan USB don tattalin batir, ka gaya masa kada ya yi komai in an rufe murfinsa. Ka dakatar da sabuntawar Windows na kwanakin gwajin, in ba haka ba tsakar dare za ta sake kunna kanta ta bar ka da wofi. Dare na biyu kuma wani ya sake buɗe ajiyar da tsohon suna, sabon fayil ya hau kan na jiya ya shafe shi. Tun daga ranar muka kafa doka: kowace rana da fayil ɗinta, sunan ya fara da shekara da wata da rana, kuma kullum a zaɓi ƙari a ƙarshen fayil maimakon shafewa. Kowace safiya a kwafe na jiya zuwa wuri biyu, filashi ɗaya da imel ɗaya. Fayil na asali ba a taɓa shi. In za ka yi gyara ko zane, ka yi a kan kwafi.

Ka kuma yi tunani a kan yadda allon zai riƙa rubuto layin. Da yawa muna sa shi ya rubuto jimla guda, wai "zafin yanzu shi ne kaza". Daɗin karantawa gare ta, amma Excel ba za ta iya zana ta ba sai ka sha wahalar tsincewa. Ka sa lambobi zalla, waƙafi a tsakaninsu, layi ɗaya ga kowane awo: zafi, danshi, hita a kunne ko a kashe, ƙarfin batir. Sannan kada ka yi zari. In kana auna kowace daƙiƙa, layi 86,400 ke nan a rana, a kwana 21 ya zama 1,814,400, alhali shafin Excel layi 1,048,576 kaɗai yake ɗauka. In minti-minti ne, layi 30,240 ne gaba ɗaya, fayil ɗin da kusan megabait ɗaya ne kacal. Zafin cikin akwati ba ya gudun da zai sa ka bi shi daƙiƙa-daƙiƙa.

To me fayil ɗin ya nuna mana? Mun kunna injin babu ƙwai a ciki har dare uku. A dare na uku, wanda shi ne na farko da komai ya tafi daidai, muka ga abin da littafinmu bai taɓa gani ba. Da aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya da rabi, injin ya koma kan batir kamar yadda muka tsara. Sa'a guda komai lafiya. Daga nan ƙarfin batirin ya fara sauka, hita tana kunne amma ba ta iya riƙe zafin, ga sanyin hunturu yana shiga ta gefen ƙofar da ba mu toshe da kyau ba. Kafin asuba zafin ya gangaro ƙasa da 34. Da wuta ta dawo da safe ya koma 37.5, daidai lokacin da muke shigowa da littafinmu mu rubuta cewa komai lafiya. Ka ga mu ba ƙarya muka rubuta ba, amma gaskiyar rana kaɗai muka sani. Da mun bi shawarar cike na dare da ka, da mun rubuta 37.5 a daidai sa'o'in da ƙwanmu ke mutuwa, mu kai wa malamai, su sa hannu, wani ƙanenmu ya zo baɗi ya ɗauki aikin a laburare ya sake gina kuskuren. Har wa yau fayil ɗin ya tona mana cewa sensar DHT11 da muka saka tana iya kuskuren digiri biyu sama ko ƙasa, wanda a ƙyanƙyasa ba ƙaramin abu ba ne. Muka canja zuwa DHT22 mai kuskuren rabin digiri.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa min. Na farko: "Wa zai sadaukar da laftof ɗinsa kwana 21? Wasunmu ma ba su da shi." Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na ce nauyin na sashe ne. Aikin nan ba ya son kwamfuta mai ƙarfi. Tsohuwar da aka jingine a sito, wadda ta tsufa da ɗaukar manyan manhajoji, za ta yi shi ba tare da ta yi nishi ba. A goge ta, a saka mata direbobin nan uku da Tera Term, a jona ta da ƙaramar inbata ko UPS, a sa mata abin rarraba USB. Kowane allo zai samu lambarsa ta COM da tagarsa, rukuni huɗu ko biyar su yi aiki a lokaci ɗaya. Mu alfarmar mai kula da lab muka ci, ya ba mu soket a kan 'yar inbatar ofishinsa, Allah ya saka masa da alheri. Amma bai kamata a ce sai mai sa'a ko mai sanayya zai samu ba.

Na biyu: "Ai akwai ɗan allon katin SD, a jona shi a huta da kwamfuta." Haka ne, kuma ga aikin da za a kai gona ko bakin rijiya shi ya fi. Ni ban ce kada a yi amfani da shi ba, in da hali a haɗa biyun. Sai dai kati ba ya nuna maka abin da ke faruwa sai ka cire shi, kuma wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu fayil na iya lalacewa. Wanda bai iya tsara layinsa a siriyal ba, abin da zai zuba a katin ma shirme ne.

Na uku: "Wannan aikin 'yan kwamfuta ne, mu injiniyoyin noma ne, mu 'yan kimiyyar lab ne." Haba dai. Wanda ya yi SIWES a masana'anta ko asibiti ya gani da idonsa. Sikelin auna manyan motoci, na'urorin gwajin jini, inbatocin sola, GPS, da yawansu ta siriyal suke magana. Na'urorin sarrafa injina a masana'antu suna amfani da Modbus, wanda tun 1979 yake, a kan layin RS-485. Mai saita na'urorin sadarwa na Cisco da kebul ɗin siriyal yake shiga a gudun 9600, kuma sau da yawa da PuTTY ɗin nan. Ranar da maigidanka a wurin aiki zai ce injin yana tsayawa cikin dare, a gano dalili, ba zai tambaye ka sashen da ka fito ba.

Saboda haka ga roƙona, kashi uku. Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai: in kun zauna da hukumar makaranta, bayan maganar ruwa da wutar hostel, ku saka wannan a jerin. Kwamfuta ɗaya a kowane lab da ake aune-aune, da mutum ɗaya sananne mai riƙe kalmar sirrinta, don kada ɗalibi ya yi sati yana neman wanda zai ba shi izinin saka direba. Ƙungiyoyin sassa kuma su ware Asabar ɗaya a farkon zango, 'yan shekarar ƙarshe su koya wa na ƙasa. Ni na yi alƙawarin zuwa kafin in bar makarantar nan.

Ga malamanmu, cikin girmamawa: ku riƙa yi mana tambayar da malaminmu ya yi. Ku nemi fayil na asali tare da kundin, ku buɗe shi a gabanmu ranar kare aiki. Amma kuma ku ba mu tabbacin cewa wanda ya kawo sakamako mara kyau da hujjarsa ba zai sha ƙasa a maki ba. Tsoron faɗuwa ne yake tura da yawa ƙarƙashin bishiyar nan. Fayil na gaskiya yana da giɓi, yana da layin da sensa ta kasa karantawa, yana da daren da aka ɗauke wuta. Wanda ya fito sumul babu tabo ko ɗaya, shi ya kamata a tsare da tambaya.

Ga ku 'yan uwana, musamman masu shigowa shekarar ƙarshe: ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da sensarku ta fara turo lamba, ranar za ku fara ajiyewa, ko da aikin bai kammala ba. Ku bar shi ya kwana yana rubutu tun kafin ku saka abin da kuka kashe wa kuɗi.

Mu dai mun toshe ƙofar da soso, mun aro batir mai girma, mun saka agogon. Yau ƙwai na biyu suna kwana na 14 a ciki. Kowace safiya kafin lacca nakan biya lab in buɗe fayil ɗin jiya, in gangara kai tsaye zuwa ƙarfe ukun dare in duba.